Hannun da Yayana Ya Rufe

Damtse ake ce masa, kuma shi ya raɗa wa kansa sunan. Wannan kaɗai ya isa ya gaya maka irin mutumin. Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, don haka kada wani ya ce ƙazafi nake masa. Na san shi tun yana siriri kamar tsinken tsintsiya, wandon makaranta yana zame masa. Yanzu in zai shigo ɗaki sai ya karkace, ba don ƙofar ta yi masa kaɗan ba, a'a, don dai a ga ya karkace. In yana tafiya hannayensa ba sa taɓa jikinsa, sai ka ce ya ɗauko bokiti biyu. Riga kuwa in ba ta matse shi har tana neman yagewa ba, to ba tasa ba ce.

Sana'arsa ɗaga ƙarfe. Yana da wani ɗaki a ƙasan bene, da can siton mai sayar da fenti ne, har yau warin fentin bai fita ba, ya haɗu da na gumi. Ya jera ƙarafa, ya manna madubi bango guda, ya kafa fanka ɗaya mai kuka. Nan magidanta masu tumbi suke zuwa, yana musu tsawa suna nishi. Ba zan rage masa ba, ya iya tsawa. "Matsa! Ƙara ɗaya! Kai ba namiji ba ne?" In ka jiyo daga titi sai ka ɗauka haihuwa ake yi. Duk ilmin Yaya kalma ɗaya ce: matsa. Ciwon baya, ka matsa. Ɓacin rai, ka matsa. Matarsa ta taɓa ce masa tana ganin jiri, ya ce rashin motsa jiki ne.

Amma akwai abin da masu tumbin nan ba su sani ba, ni na sani. Yaya tsoron asibiti yake ji. Tun muna yara, ranar da aka zo yi mana allura a makaranta, yana ganin an buɗe kwalba ya sulale ƙasa, sai da aka yayyafa masa ruwa. Ya girma, ƙirji ya buɗe, tsoron yana nan inda ya bar shi. Warin maganin da ake goge ƙasa da shi ya isa ya sa gumi ya keto masa. Lokacin da mahaifiyarmu ta yi jinyar ajalinta, a bakin get ɗin asibitin ya yi ta zirga-zirga, waya a kunne, wai yana shirya abubuwa. Ba abin da ya shirya. Ni tsoro ba abin kunya ba ne a wurina, kowa da nasa, ni kaina in ƙadangare ya hau ƙafata sai unguwa ta ji. Abin da na raina shi ne mutum ya lulluɓe tsoronsa da tsoka, sannan ya zo yana sayar da shi a matsayin sani. "Asibiti?" in ji shi. "Su me suka iya ban da kwantar da mutum?"

Babanmu mai aski ne. Shagonsa ƙarami, kujera ɗaya, benci ɗaya, madubi mai tsatsa a gefe, da rediyon da ba ya kama tasha sai an dafa shi. Da kilifa, na'urar aski, ta zo kowa ya koma kanta, Baba ma ya saya, amma aikinsa na gaske da almakashi da kum ɗin taje gashi yake yi, kuma tsofaffin unguwa don wannan suke zuwa. Ko ba ya yankan komai almakashin yana motsi a hannunsa, ƙyas-ƙyas-ƙyas a iska, kafin ya sake sauka kan gashi. Da wannan ƙarar muka tashi, da ita muka ci muka sha muka yi makaranta. Ya so Yaya ya koya. Ya gwada shi a kan wani bawan Allah mai haƙuri, Yaya ya kusa tafiya da kunnen mutumin. Baba ya karɓe almakashinsa ya ce, "Hannunka ya yi nauyi. Almakashi ba a danne shi, rabin aikinsa buɗewa ne." Yaya ya ɗauki maganar yabo. Ya yi ta gaya wa abokansa cewa Baba da bakinsa ya ce hannunsa da nauyi.

Wata safiya Baba yana tsakiyar yi wa mai gyaran agogo aski, almakashin ya suɓuce daga hannunsa. Ya sunkuya zai ɗauka, bai taso ba. Shanyewar ɓarin jiki ce, ɓangaren dama. Ni aka kira, ina da ƙaramin ciki a lokacin, na bar keken ɗinkina na ruga. Yaya ma ya zo a guje, har bakin get. Nan ya tsaya da wayarsa.

Allah ya sa abin ya zo da sauƙi. Baki ya ɗan karkace ya dawo, magana ta dawo ko da tana ɗan ja, ƙafa ta fara ɗaukarsa. Hannu ne ya ƙi. Da farko a sake yake kamar tsumma, daga baya ya fara naɗewa, yatsu suna neman tafi. Da aka sallame shi na kai shi gidana, aka haɗa mu da sashen gashin ƙashi, inda ake sake koya wa jiki motsi. Wadda take duba shi wata gajeruwar mata ce mai tabarau, ba ta da hayaniya. Ranar farko ta tambayi Baba me yake so ya iya yi da hannun. Ya sa hagu a aljihu ya fito da almakashinsa. Ashe tun yana gadon asibiti ya sa mai gyaran agogo ya kawo masa. Ta dube shi ta ce, "To Baba, ba zan yi maka alkawari ba. Amma akwai fata in muka bi shi a hankali, kuma watannin nan na farko su ne ba a wasa da su."

Ni ta yi wa bayani, tunda ni zan riƙa yi masa a gida. Ta ce in naɗe hannuna kamar zan nuna ƙwanji, in taɓa gaban damtsen da ɗayan hannun. Tauri. Ta ce taɓa bayan. Laushi tuɓus. Ta ce to in miƙe hannun in tura bango, sai bayan ya yi tauri, gaban ya saki. "Kin gani? Tsokoki bibbiyu suke aiki, ɗaya mai naɗewa, ɗaya mai miƙewa. Duk sanda ɗaya ta kama aiki, saƙo yana fita daga laka zuwa ga ɗayar cewa ta saki. Ba ke kike ba da umarnin ba, jiki ne yake yi da kansa. Ba don haka ba, da ko cokali ba za ki kai baki ba, su biyun za su yi ta ja-in-ja." Ta faɗi sunan abin da Turanci, dogo ne, ban riƙe ba. Ma'anar dai na riƙe: in wannan ta kama, waccan ta saki.

A hannun Baba kuwa, in ji ta, ciwon ya ɓata wannan sulhun. Masu rufe yatsu sun yi ƙarfi sun daina jin magana, masu buɗewa sun yi barci. "Don haka kada a ba shi abin matsawa. Mutane suna son kawo ƙwallon roba, da zuciya ɗaya, wai a ƙarfafa hannu. A hannu irin na Baba a yanzu, wannan ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi ne, kuma kowace matsawa tana gaya wa masu buɗewa su ƙara kwanciya. Mu buɗewa muke nema." Ta koya mini yadda zan shafa bayan hannun ina ɗan bubbugawa, yadda zai shimfiɗa tafinsa a tebur ya jingina a kai, yadda zai yi ta ƙoƙarin ɗaga yatsa ɗaya. Ta ba mu wata roba mai siffar tafin hannu da maɗauri, ana ɗaure hannun a buɗe a kanta lokacin hutu, don kada jijiyoyi su gajarce.

Akwai kuma tsoro. Tun da ya faɗi a shago, Baba in ya miƙe tsaye sai jikinsa ya ɗau rawa, numfashi ya sarƙe, kuma da tsoron ya zo sai hannun ya ƙara dunƙulewa. Matar nan ba ta taɓa ce masa ya daina tsoro ba. Ta ce wannan ɓata baki ne, ba a korar tsoro da umarni. Zaunar da shi take yi, ya ja numfashi a hankali ya sake, ta ja shi da hirar kawuna masu wuyar sha'ani da ya taɓa askewa, har sai kafaɗunsa sun sauko yana murmushi. A cikin wannan natsuwar za ta ce ya dafa tebur ya miƙe. Da rawar ta fara, a zauna, a koma numfashi. Wani zuwan ya tsaya ba tebur, wani zuwan ya yi 'yan taku. Ta ce da ni, "Dokar ɗaya ce da ta tsoka. Natsuwa da firgici ba sa zama a jiki ɗaya lokaci ɗaya. Ki shigo da natsuwar tukuna, sannan ki kawo abin tsoron kaɗan-kaɗan, kada ya fi ƙarfinta."

Kuma wallahi abin yana ci. Baba ya fara zuwa banɗaki shi kaɗai. Ranar da yatsansa manuni ya ɗaga daga tebur, ɗagawar da da ƙyar za a zura takarda a ƙasa, kuka na yi. Daga baya na sa masa kum a hannu ya riƙe, na ce saki. Ya zuba wa hannun ido, yatsu suka buɗe sannu-sannu, kum ɗin ya faɗi a cinyarsa. Ban taɓa ganin mutum ya yi murnar faɗuwar abu haka ba. Ya ce a gaya wa mai gyaran agogo kada ya kai kansa wani wuri, rabin askinsa yana nan yana jiransa.

Sai cikina ya rikice. Jinina ya hau, ƙafafu suka kumbura, likita ya ce kwanciya har haihuwa, ko tsintsiya kada in ɗaga. Mijina direban babbar mota ne, yau yana nan gobe ba ya nan. Ba yadda za a yi, Baba sai gidan Yaya.

Ya zo ɗaukarsa yana hura hanci. Ina kwance na ce, Yaya zauna in nuna maka. Bai zauna ba, ya tsaya yana kallon kansa a gilashin taga. Na faɗa masa duk abin da matar ta ce, na ba shi robar, na yi ta nanata maganar matsawa.

"Auta," ya ce, "ni za ki koya wa tsoka? Ke da keken ɗinki?"

"Ba ni na ce ba, mai gashin ƙashi ce ta ce."

"Ita wannan matar, kilo nawa take ɗagawa?"

"Yaya, don girman Allah ka kai shi ko sau ɗaya ka ji da kunnenka. Ba allura a sashen, ba jini. Ɗaki ne da katifu da madubi, kamar wurinka."

Da na ambaci allura sai ya juyo daga gilashin tagar. Ya ce, "Wa ya ce miki allura nake tsoro? Lokaci ne ba ni da shi. Ki kwanta ki haihu, ki bar mini Baba. Hannu ya yi rauni, a ba shi ƙarfi, shi ke nan. Tun yaushe kuke shafa shi kamar kyanwa, me aka samu? Wai yana yar da kum!" Ya bushe da dariya. Abin da muka yi kuka a kansa, shi abin dariya ya gani.

Sauran labarin daga bakin matarsa na ji, a waya, tana magana ƙasa-ƙasa. Baiwar Allah ce, tana shakkarsa, amma ba ta iya ƙarya ba. Zuwa asibiti dai tun farko aka daina. In ranar ta zo sai Yaya ya ce mota ba mai, ko yana da masu horo. Ta ce ita za ta kai shi a tasi, ya ce ba da yawunsa ba. Robar ta hau saman kabad. Ya kawo wa Baba wani ƙarfe daga wurin aikinsa, mai hannu biyu da sifirin a tsakiya, irin wanda ake matsawa don ƙarfin riƙo. Safe da yamma sai ya ja kujera gaban Baba, ya cusa masa ƙarfen a hannu, ya fara sana'arsa. "Matsa, Baba! Ƙara ɗaya! Ƙara!" Kuma hannun yana matsawa, me zai hana, dama abin da yake nema ke nan. In an gama, Yaya ne yake ɓamɓare yatsun ya zare ƙarfen, bai taɓa tambayar kansa me ya sa sai an ɓamɓare ba. Da ya ga ana matse wannan, ya kawo mai sifirin da ya fi tauri.

Na kira shi, na yi magana, na yi faɗa, na yi kuka. Ya ce hawan jinina ne yake magana. Na ce a ba ni Baba. Baba ya ce, "Lafiya lau, Auta, yana ƙoƙari. Ki kula da kanki." Baba ba zai taɓa kai ƙarar ɗansa ba, balle yana zaune a gidansa.

Tafiya ma haka. Gidan Yaya a saman bene yake. Ya ce tsoro a kai yake, maganinsa a afka masa. Ya kama Baba ya tsayar a bakin matakala, ya saki, ya koma ƙasa ya buɗe hannuwa yana, "Sauko! Ina nan! Haba Baba, kai fa namiji ne!" Mutumin da ba ya iya taka ƙofar asibiti, shi ne yake koyar da jarumta. Matarsa ta ce Baba ya ƙanƙame ƙarfen matakalar da hagu, jikinsa yana kaɗawa, har fitsari ya kufce masa. Daga ranar ko banɗaki ba ya zuwa sai an riƙe shi. Yaya ya ce tsufa ne.

Na haihu da ƙyar, namiji, sai da aka yi mini aiki, na ƙara kwanciya. Da na iya miƙewa na ce a kai ni wurin Baba. Yaya ya ce a'a, in zo shago, akwai abin mamaki. Ashe taro ya haɗa. Ya buɗe shagon Baba, ya sa an share, ya gayyato tsofaffin kwastomomi, har da biyu daga cikin masu tumbinsa, don a zo a ga aikinsa. A bayansa ya goyo Baba daga bene zuwa mota, kuma sai da ya tabbatar maƙwabta sun gani.

Ina shiga idona ya sauka a hannun Baba. Ya naɗe a ƙirji, wuyan hannu ya lanƙwashe ciki, yatsu a dunƙule. Baba ya ga inda nake kallo, ya ja hannun rigarsa da hagu ya rufe. Ya kalli jaririn da ke kafaɗata ya yi murmushi, ya ce goshin mahaifiyarmu ya ɗauko.

Mai gyaran agogo yana kan kujera, an yafa masa ƙyalle. Allah sarki, mutumin nan da gaske bai kai kansa ko'ina ba, suma ta yi buzu-buzu, furfura ta ko'ina. Yaya ya tsaya a tsakiyar shago ya cika shi. "Jama'a, asibiti sun ce a yi ta shafawa. Ni na ce a'a. Yanzu ku gwada ku gani." Ya sa ɗaya daga cikin masu tumbin ya zura yatsu biyu a hannun Baba. Hannun ya damƙe. Mutumin ya ce, "Kai! Tsoho da ƙarfi!" Yaya ya yi ta gyaɗa kai yana bin kowa da kallo.

Sannan ya zaro almakashin daga aljihun Baba. Ya ɓamɓare babban yatsa ya zura a zobe ɗaya, ya ɓamɓare wani ya zura a ɗayan, ya tallafo Baba ya tsayar da shi a bayan kujera. Almakashin a buɗe ya shiga. Yana sakin hannun, ƙyas, ya rufe. Muka jira na biyu. Baba ya zuba wa hannun ido irin yadda yake yi a gidana, jijiyar wuyansa ta tashi, gumi ya tsattsafo masa a goshi. Almakashin yana nan a rufe.

"Buɗe mana, Baba," in ji Yaya. "Buɗe! Ƙara ƙoƙari!"

Tsawar tana sauka hannun ya ƙara naɗewa, tsinin almakashin ya juyo yana kallon ƙirjin Baba. Mai gyaran agogo yana gani ta madubi, ya sunkuyar da kai.

"Cire mini," Baba ya ce a hankali.

Yaya ya kama almakashin ya ja, bai fito ba. Ya kama yatsun ya fizga, suka ƙara damƙewa, zoben ƙarfen ya nutse a fata. Ya sa ƙarfi, ƙarfin nan da ya yi shekaru yana tarawa da ɗanyen ƙwai da kallon madubi. Baba ya yi ƙara. Jini ya ɗan fito a gindin babban yatsa, ɗigo kaɗan. Yaya ya gani. Fuskarsa ta canza, ya saki Baba gaba ɗaya, ba don mai tumbin nan ya tare ba da sai ƙasa. Ya laluba aljihu ya fito da waya, ya kara a kunne, ya fita. Wayar ko ƙara ba ta yi ba.

Na miƙa wa matar Yaya jaririn. Aka zaunar da Baba a benci, na durƙusa a gabansa, ɗinkin cikina yana ja. Na ce, "Baba, manta da hannun. Ja numfashi. Ba ni labarin mutumin nan da Yaya ya kusa cire wa kunne." Ya yi wata 'yar dariya da hawaye a ido, ya fara ba ni, kalma tana bin kalma da ƙyar. Ina saurare ina shafa bayan hannun, ina ɗan bubbugawa yadda aka koya mini. Kafaɗunsa suka sauko. Can yatsun suka sassauta. Ba buɗewa suka yi ba, sassautawa ce kawai, iyakar yadda zan zare almakashin. Mai gyaran agogo ya cire ƙyallen da kansa, ya ninke ya ajiye a kujera. Ya ce, "Ba komai, dama sumar tana tare mini rana."

A ranar na tafi da Baba gidana, ban nemi izinin kowa ba. Matar Yaya ta sauko da robar daga saman kabad ta kawo mini. Hannun bai hau kanta ba.

Mai gashin ƙashi ta daɗe tana juya hannun. Ba ta zagi kowa ba, ni kuwa na so ta zaga. Na ce, ƙarfen nan ne ko? Ta ce ba za ta ɗora wa abu ɗaya laifin ba, ciwon ma yana da nasa halin, wani hannun ko an yi komai daidai ba ya dawowa. Amma watanni ba miƙarwa, ba roba, ga matsawa safe da yamma, ga firgici, jijiyoyin sun gajarce. Za a ci gaba da aiki don a samu a riƙa buɗe tafin ana wankewa, kada farata su huda shi. Baba ya tambaye ta, "Almakashi fa?" Ta cire tabarau ɗinta ta tsaya gogewa. Bai sake tambaya ba. A hanyar gida ya ce in gaya wa mai ginin ya ba wani shagon, kujerar kuma a ba duk wanda zai yi aiki da ita.

Tsoron dai ya sake lafawa, don wancan tsarin muka koma, numfashi, hira, taku kaɗan. Yanzu yana zagaya tsakar gida da sanda. Hannu kuwa kullum da safe sai na zauna na lallaɓa shi ya sassauta, in goge tafin da auduga, in yanke farata. Warin tafin hannun da ba ya buɗewa, wanda bai ji ba ba zai gane ba.

Kana tsammani Yaya ya ji kunya? Labari ya iso mini daga wurin ɗaga ƙarfensa, yana gaya wa masu tumbi cewa ƙarfin riƙon da ya gina wa Baba, shi kansa da ya ja ya kasa buɗewa. Da alfahari yake faɗa. Wai da ba a ɗauke shi daga gidansa ba, da yanzu an wuce wurin. Na gaya wa Baba ina huci. Ya ce, "Ki bar shi, Auta. Tsoro ne. Tun da na faɗi bai samu natsuwa ba, shi kuma in ya tsorata matsawa kawai ya sani." Na ce, Baba kai ka haife shi, kai za ka yi masa uzuri. Ni ban haife shi ba. Raina shi nake yi, kuma ban ga ranar da zan daina ba.

Kwanakin baya ya zo gaisuwa. Ya shigo a karkace kamar kullum, ƙofar tawa kuwa mai faɗi ce. Ya ƙi kallon hannun dama, ya yi ta hira da bango. Da zai tafi ya zaro wani abu a leda ya ajiye a cinyar Baba. Sabon ƙarfen matsawa ne fil. "Na hagu ne, Baba. Kada shi ma ya lalace. Safe da yamma." Na buɗe baki, Baba ya dube ni, na rufe. Ya ɗauka da hagu ya ce, "Allah ya yi albarka." Yaya ya fita yana hura hanci.

Baba ya jira har ƙarar takunsa ta ɓace. Ya miƙa hannun hagun a kan kwandon da nake zuba guntayen ƙyalle, ya buɗe yatsunsa, ƙarfen ya faɗa ciki. Ya bar hannun a buɗe yana kallonsa, ya juya tafin, ya juya bayan. Sannan ya ce in miƙo masa jikansa. Na ɗora masa shi a cinya. Ya shimfiɗa tafinsa a kan yaron, yana bin sumar da yatsu, daga goshi zuwa ƙeya, yadda yake yi wa duk kan da ya zauna a kujerarsa.

"Gashinsa a nan baya juyawa yake yi," ya ce. "In ya isa aski, ki gaya wa mai askin ya biyo ta wannan gefen. Ki ce kada ya danne."